Jakar Ya Yunusa

Ranar da Yunusa zai iso Potiskum, Gana bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Tun da hantsi ya wanke Keke Napep ɗinsa ciki da waje, ya goge kujerar baya har ledarta ta yi ƙyalli, sannan ya roƙi Mama ɗan turaren wuta ya turara cikinsa. Ƙanwarsa Ikhlas tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Amarya za ka ɗauko?" ta ce.

"Yayana zan ɗauko."

"Yayan naka da ya saba da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa? To ka yi addu'a kada keken ya mutu muku a hanya."

Ya ci gaba da goge madubi.

Sunansa na yanka Muhammadu Sani, amma tun yana rarrafe ake ce masa Gana, wato ƙarami a bakin kakanninsu na Borno, sunan kuma ya bi shi har ya yi gemu. Yunusa ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Shekara biyar ke nan da ya tafi karatu wani birni na Turai, ya gama, ya samu aiki ya zauna. Mama ta kasa riƙe sunan garin, don haka kowa a gidan "can" yake cewa.

Kafin tafiyar kuwa akwai abin da ya shiga tsakanin ƴan'uwan biyu. A lokacin Gana ya faɗa cikin wasu samarin bayan tasha masu shan maganin tari, ya kuma fara ɗauke-ɗauke a gida. Da dutsen guga ya fara, sai tukunyar Mama, sai wata rana ya ɗauki laftof ɗin Yunusa ya sayar, da aikinsa na kammala digiri a ciki. Yunusa bai dake shi ba, bai ma ɗaga murya ba. A tsakar gida, gaban Mama, ya dube shi ya ce, "Daga yau ko allurata ba zan ƙara barin ka da ita ba." Bayan wasu watanni ya tafi.

Ƙanin mahaifinsu, Baba Ari, shi ya ja Gana zuwa gonarsa ta Yindiski, ya sa shi noma damina biyu har jikinsa ya manta da kwalba. Daga nan ya damƙa masa makullin keke. Yanzu a unguwarsu ta Hausari mata suna ba shi ƴaƴansu ya kai makaranta, suna ba shi cefane ya kai gida ba mai rakiya. Mutane sun manta, ko sun yi kamar sun manta. Amma mutum ɗaya ne Gana yake so ya ga wannan da idonsa, shi kuwa a waya maganarsu ba ta wuce "Ya aiki?" da "Lafiya lau," sai "Ba Mama wayar."

Shi ya sa ya share ɗakinsu na zaure, ya ba yayan katifar da ta fi laushi, ya kafa sabuwar ƙusa a bango daidai kanta don ya samu inda zai rataya abinsa.

Motar Kano ta shigo tasha bayan azahar, an ɗan yi yayyafi ƙasa tana ƙamshi. Gana ya hango shi yana fitowa: ya yi haske, ya ɗan rame, ga wandon jins da riga mai dogon hannu. A ƙirjinsa kuma wata ƴar baƙar jaka ce, igiyarta ta ratso daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, ta kwanta masa a kan zuciya.

"Ya Yunusa! Sannu da hanya!"

"Gana! Kai ne ka zama ƙato haka?"

Suka rungumi juna, jakar ta tokare tsakaninsu. Gana ya sunkuci manyan akwatuna biyu ya ɗora a keke, ya dawo da sauri. A gidansu, kamar kowane gida a garin, ƙani ba ya tsayawa hannu sake yayansa yana ɗauke da kaya, ko da ledar burodi ce. Mahaifinsu ya sha zane su a kan wannan. Saboda haka bai yi wani tunani ba, ya miƙa hannu ya kama igiyar jakar.

Sai ji ya yi tas! a bayan hannunsa.

Yunusa ya buge hannun, ya ja baya taku ɗaya, tafinsa ya rufe zif ɗin jakar. Idonsa ya yi wani iri, kamar bai san wanda ke gabansa ba. Nan take kuma fuskar ta dawo daidai.

"Yi haƙuri, wannan ni nake riƙewa," ya ce, ya juya yana shafa rufin keken. "Ma sha Allah! Wannan ne naka? Ai ya fi yadda yake a hoto."

A ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya, wasu direbobi suna zaune a kan benci, sun ga komai. Cikinsu akwai Adamu, abokin Gana tun firamare, wanda yake jan tirelar shanu zuwa Kudu. Wani ya yi tari, wani ya ƙunshe dariya. Adamu bai yi dariya ba, kai kawai ya girgiza, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo.

Har suka isa gida Yunusa yana ta surutu, yana mamakin sababbin shaguna da gidajen mai. Gana yana cewa "E" da "Haka ne." Bayan hannunsa bai yi zafi ba ko kaɗan, amma yana jin wurin har cikin wuyansa.

Gida ya cika da murna. Mama ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. Aka buɗe akwatuna a tsakar gida, Yunusa ya bar su a buɗe kowa yana tonawa. Gana ya samu takalmi da agogo. Ya karɓa ya yi godiya, yana lura da cewa a akwatunan babu komai sai tsaraba da tufafi. Duk abin da yake da muhimmanci yana cikin ƴar jakar nan, ita kuwa ba ta sauka ba.

Ba ta sauka da aka kawo burabusko da miyar yakuwa ba. Yunusa ya ɗan tura ta gefe ya ci abincinsa. Ba ta sauka da maƙwabta suka shigo gaisuwa ba. Washegari ya sa farar shadda da hula, ya rataya ta a kan shaddar.

"Ya Yunusa, wai goyon gaba kake yi?" in ji Ikhlas. "Yaushe ne suna?"

"Ke dai ba kya girma."

"Ni dai ban taɓa ganin namiji da jaka kamar mai zuwa awon ciki ba," Mama ta ce tana tankaɗe. "Ubanku duk duniyarsa a aljihu take. Aljihun gaba carbi da goro, na gefe makulli. Har ya koma ga Allah bai rataya komai ba."

"Can kowa haka yake yi, Mama. In ka fita da safe sai dare, komai naka yana jikinka."

"To nan ai ba can ba ne. Nan gidan ubanka ne."

Ya yi dariya, ya ce sabo ne. Kowa ya yi dariya ban da Gana.

Don shi ne yake kwana ɗaki ɗaya da shi. Shi ne in ya farka kiran assalatu yake ganin igiyar a naɗe a wuyan hannun yayansa, jakar a ƙarƙashin filo, ƙusar da ya kafa tana nan tsirara a bango. Shi ne ya ga Yunusa ya miƙe zai shiga bayi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya ɗauki jakar daga kan katifa, ya shiga da ita. A lokacin su biyu ne kaɗai a ɗakin. Gana ya zauna yana kallon inda jakar ta tashi, ɗan lotsawar da ta bari a jikin katifa, har ya ji ƙarar buta.

Da yamma ya iske Adamu a bakin kasuwar shanu yana duba tayoyin tirela.

"Na gaya maka tun tuni," Adamu ya ce, bai ko ɗago ba. "Garin da aka san ka da abu, ko Makka ka je ka dawo, da shi za a kira ka. Ka zo mu tafi. Fatakwal akwai mai neman direban keke, ba wanda ya san sunan ubanka."

"Ba garin ba ne. Garin ya bar maganar."

"To wa ya rage?"

Gana ya shafa bayan hannunsa.

"Laraba bayan la'asar muke tashi," in ji Adamu. "In ka zo, ga wuri a gaba. In ba ka zo ba, ka ci gaba da shan duka a tasha."

Kwanakin da suka biyo baya Gana ya yi ta ba yayansa dama, ba tare da ya san yana yi ba. In za su shiga masallaci sai ya ɗan tsaya kusa da shi, hannu a sake. In Yunusa zai sunkuya ɗaura takalmi sai ya matso. Ko sau ɗaya aka ce masa "Riƙe min," ya san zai fasa tafiyar. Ba a ce ba. Yunusa yana yi masa hira, yana tambayarsa harkar keke, har ya ce zai taimaka a sake masa taya. Amma duk lokacin da Gana ya matso, sai tafin hannun nan ya hau kan zif, shi mai hannun bai ma daina magana ba.

Ranar Laraba da safe ya cusa kayansa a jakar bakko, ya tura ta bayan kujerar keke. Yana juyowa ya ga Ikhlas da tsintsiya a hannu.

"Ina za ka?"

"Wanki zan kai."

"Wanki har da takalmin da aka kawo maka?" Ta rage murya. "Ya Gana, ka yi masa magana mana. Mutum ne, ba hukuma ba."

"In ce masa me? In ce don Allah ka yarda da ni? Ai ba a roƙon wannan." Ya hau keke. "Kada ki gaya wa Mama sai na yi nisa."

A ranar ne Yunusa zai je gaida Baba Ari a unguwar Dogo Nini, don tsohon ya yi kwanaki a gona sai jiya ya dawo. Abin ya zo wa Gana daidai: zai sauke yayansa, ya mayar wa Baba makullin kekensa, ya wuce kasuwar shanu da ƙafa.

Suka tarar da Baba Ari a zaure a kan tabarma, rediyo a gefe, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Suka tuɓe takalma suka durƙusa. Tsohon ya riƙe hannun Yunusa ya daɗe bai saki ba, yana tambayarsa sanyi, da abinci, da ko akwai masallaci kusa. Aka kawo tuwon dawa da man shanu a babbar tasa, da ruwan wanke hannu.

"Bisimilla, ku matso," in ji Baba Ari. Ya dubi ƙirjin Yunusa. "Kai kuma sauke wannan abin. Ba a cin abinci a gidana da kaya a wuya kamar mai jiran mota."

"Ba komai, Baba, ba ta dame ni ba."

"Ni ta dame ni. Kawo nan."

Ya miƙa hannu ya kama igiyar, yadda zai cire wa jikansa riga.

Gana ya ga abin tun kafin ya faru, don ya san yadda idon nan yake yi. Hannun Yunusa ya tashi ya cafke wuyan hannun tsohon, ya murɗe shi gefe da ƙarfi har kofin ruwa ya kife a kan tabarma.

Rediyo yana ta magana shi kaɗai. Ruwan ya gangara ya jiƙa gefen rigar Baba Ari. Yunusa ya dubi hannunsa a kan hannun ƙanin ubansa, ya sake shi kamar ya taɓa wuta.

"Innalillahi. Baba... Baba, ka yafe ni. Wallahi ban sani ba."

Baba Ari ya murza wuyan hannunsa a hankali. Ya kashe rediyo.

"Ni ma ɓarawo ne?" ya ce.

"Subhanallahi, Baba!"

"To me ke cikinta da ya fi hannuna? Zinari?"

Yunusa ya sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ja zif ɗin, ya shiga fito da kayan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a busasshen gefen tabarma. Fasfo. Wani kati mai hotonsa. Wani katin na shiga jirgin ƙasa. Makullin ɗaki. Caja da ɗan batirin ajiye caji. Ƴar laima da ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Sallaya siririya a naɗe kamar hankici, da carbi, da guntun asuwaki. Sai wata gorar roba a lanƙwashe.

Gana ya zuba ido. Ya daɗe yana auna abin da ke cikin jakar nan, bai taɓa kawo laima da asuwaki ba.

Baba Ari ya ɗauki gorar yana juyawa. "Wannan fa?"

"Buta ce, Baba. Can bayinsu ba buta, sai takarda. In ba ka da taka a jiki, ka shiga uku."

"Shi ya sa kake shiga bayi da jakar?" Maganar ta kuɓuce wa Gana kafin ya riƙe ta.

Yunusa ya dube shi da mamaki. "Ina shiga da ita?"

"Kullum."

"Ga buta a gidan, ga randa," in ji Baba Ari. "Ba buta ce ta sa ka murɗe min hannu ba. Faɗi gaskiya."

Yunusa ya ɗauki katin mai hoto ya riƙe shi da hannu biyu.

"Wannan shi ne izinin zamana. In babu shi, ni ba kowa ba ne a can." Ya juya katin. "Shekarata ta biyu, wata Juma'a, kewar gida ta dame ni, na ce yau kayanmu zan sa. Na ɗauko shaddar da Mama ta ɗinka min. Na zuba komai a aljihun gefe, yadda muke yi a nan: waya, fasfo, katin nan. Ka san aljihunmu, Baba, ba zif ba maɓalli, baki a buɗe. Na shiga jirgin ƙasa an cika maƙil, ana ta kallon kayana, wata tsohuwa har ta ce sun yi kyau, ni kuwa ina ta jin daɗi. Da na sauka na sa hannu a aljihu, sai na ji cinyata."

"La ilaha illallahu."

"Ban fita daga tashar ba na ci karo da masu duba takardun baƙi. Na yi bayani, suka ce kowa haka yake faɗa. Suka ce in kira wanda ya san ni. Duk lambobin suna cikin wayar. Lamba ɗaya ce a kaina, ta Mama. In kira ta in ce mata me? Aka kai ni inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu."

"Kwana nawa?"

"Ban ƙirga ba, Baba. Fitila ba ta mutuwa a wurin. Sai da wani ɗan Sudan da muke haya tare ya bi asibitoci da ofisoshi yana nemana, sannan makaranta ta zo ta fitar da ni. Da shaddar na shiga, da ita na fito. Ranar na sayi jakar nan."

Gana ya tuna lokacin. Yana gona a Yindiski, ya zo gida ya tarar Mama ta ɗaure waya a bakin mayafinta tana yawo da ita har madafa, ko salla za ta yi sai ta ajiye ta a gaban sallaya. Daga baya Yunusa ya kira ya ce jarrabawa ce ta riƙe shi.

"Tun daga nan," Yunusa ya ce, "in aka taɓa igiyar nan ba na ganin fuska. Hannu kawai nake gani."

Baba Ari ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye gorar a kan sallayar.

"Allah ya kyauta. Ni na yafe, hannun noma ne, ba ya karyewa. Amma ni yau ka fara yi min." Ya nuna Gana da haɓa. "Wannan fa? An gaya min abin da aka yi a tasha. Garin nan ba a ɓoye komai."

"Tasha?" Yunusa ya juya. Gana ya ga yana lalube a ransa, ya ga lokacin da ya tuna, ya ga lokacin da ya haɗa wannan da wancan. Fuskarsa ta faɗi. "Gana. Kana nufin duk kwanakin nan ka ɗauka..."

Gana ya zaro makullin keke daga aljihu ya ajiye a gaban Baba Ari, don abin da ya kawo shi ke nan, kuma bai san me zai yi da hannunsa ba.

"Ka ce ko allurarka," ya ce. "Ban ce ba ka da gaskiya ba. Ni na jawo. Amma ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da kai kana ɗaure kayanka a hannu ba. Adamu zai tashi bayan la'asar, zan bi shi Fatakwal."

"Na faɗa," in ji Yunusa a hankali. "Kuma da na faɗa har zuciyata ne. Na tafi da haushinka, na daɗe da shi. Amma a wurin nan da aka tsare ni, akwai yara sa'anninka, kowa da abin da ya kai shi, ba mai zuwa nemansu. Ban san ranar da haushin ya fita ba. Na ɗauka ka sani."

"Ta ina zan sani? 'Ya aiki, ba Mama'?"

Baba Ari ya yi ƴar dariya ta hanci. Yunusa bai yi ba. Ya tattara kayan ya mayar cikin jaka, fasfo da katin a can ciki, ya ja zif. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. Ya kama igiyar da hannu biyu, ya tsaya. Gana yana ganin jijiyar wuyansa tana motsi. Sannan Yunusa ya ɗaga ta ta saman kansa, hularsa ta faɗi bai kula ba, ya rataya wa Gana a wuya.

"Riƙe min, zan yi alwala."

Jakar ba ta da nauyi, kuma da ɗumin jikinsa a bayanta. A kan farar shaddar Yunusa, inda igiyar take kwanciya, wani layi ya fito na gumi daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Gana ya dube shi. Wani abu a ransa bai gama kwanciya ba, don riƙe jaka a gaban mai ita da Baba Ari ba wani abu ba ne.

"Adamu yana jirana," ya ce. "Sai na je na gaya masa da bakina. Zan yi salla a can."

Ya ga hannun yayansa ya tashi zuwa ƙirji, ya tarar ba komai, ya sauka.

"Kasuwar shanu? Yau Laraba, ranar kasuwa?"

"E."

Yunusa ya lashi leɓe. Ya dubi jakar, ya dubi ƙofa.

"Je ka," ya ce. "Ka juyo da ita gaba sosai. Kada ka bar ta a baya."

Baba Ari ya tura makullin da yatsan ƙafa. "Ɗauki abinka, kada in ƙara ganinsa a tabarmata."

Hanyar kasuwa ta cushe da tireloli da masu jan shanu da ƴan talla. Gana bai taɓa jin garin da yawan hannaye kamar ranar ba. Yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a kan zif. Wani ɗan keke ya zuro kai ya ce, "Gana, jakar Hajiya ce aka manta?" Bai ko kalle shi ba. Ya yi salla a masallacin bakin kasuwa da ita a ƙirji, in ya yi sujada tana taɓa tabarma.

Ya samu Adamu an gama lodi, shanu suna ta huci ta tsakanin katako.

"Ka makara, hau mu tafi. Ina kayanka?"

"Ba na zuwa."

Adamu ya ƙare masa kallo, idonsa ya tsaya a ƙirjinsa. "Kai! Wannan ba ita ce jakar da aka dake ka a kanta ba? Sato ta ka yi?"

"Ba ni aka yi."

"Ƙarya kake. Mu ga abin da ke ciki." Ya miƙo hannu.

Tas! Gana ya buge hannun kafin ya san ya yi.

Adamu ya riƙe hannunsa, baki buɗe. Sannan ya fashe da dariya har yana dafa tayar mota. "Ashe ciwon gidanku ne! Tafi, don Allah, tafi kafin ka karya ni."

Da ya shawo kwanar layin Baba Ari, tun daga nesa ya hango farar shadda a ƙofar gida. Yunusa yana tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana kallon wasu awaki kamar su ne suka fito da shi. Gana ya tsaya a gabansa, ya kashe keke, ya fara cire igiyar.

"Ga ta. Ka duba."

Hannun Yunusa ya taso har ya kusa taɓa zif ɗin. Ya tsaya a nan, yatsun suna ɗan motsi. Sai ya mayar da shi ya cusa a aljihun gefe, ya zagaya ya shiga bayan keke. Ƙafarsa ta bugi jakar bakko da ta zamo daga bayan kujera.

"Wannan kuma fa?"

"Wanki ne."

"To mu kai shi gida," in ji Yunusa. "Ka bar waccan a wuyanka sai mun isa. Amma ka bi a hankali, akwai laima a ciki, kada ka karya min ita."